Na Dare da Ta Rana

A gaban inji suka haɗu, a masana'antar kwalaye, lokacin canjin aiki na yamma. Ita tana cire safar hannu za ta tafi, shi yana saka tasa zai karɓa. Inji ɗaya suke riƙe da shi, ita da rana, shi da dare.

"Kullum sai kin bar min kujerar nan a ƙasa," ya ce. "Bayana ya kusa ɓallewa."

"To ka rage tsawo mana," ta ce. Da ta ɗago suka haɗa ido kuwa, sai ta rasa inda ta ajiye jakarta, alhali tana rataye a kafaɗarta.

Tun daga ranar ya zama Na Dare, ita kuma Ta Rana. Zancensu duk a tsaitsaye ne, ɗan abin da ke tsakanin kashe inji da sake kunna shi, kafin motar unguwarsu ta cika ta bar ta. Sauran hira sai a waya.

"Ta Rana, kin isa gida? Na ɗaga kujerar, amma sai na ji kamar na yi miki laifi."

"Har yanzu muna cikin cunkoso. Ka ci abinci, kada ka yi gyangyaɗi injin ya cinye min kai."

Garin ba ya barin ma'aikaci ya tara ko sisi. Ɗakin da ke kusa da masana'anta, hayarsa ta kusa lamushe albashi. Na bayan gari yana da sauƙi, amma kuɗin mota ya cinye rarar. Shi Na Dare ɗaki ɗaya suka kama da wani abokin aikinsa mai yin rana, wannan ya tashi wancan ya kwanta, katifar ba ta taɓa hucewa ba.

Da ya je gaida Babanta, wanda shi ma a aikin dare ya tsufa, tambaya ɗaya tsohon ya yi masa.

"Yaro, ina za ka ajiye ta?"

Ya sunkuyar da kai. Ga kuma direban motar unguwar, mai gidan kansa, ya daina karɓar kuɗinta, har ya fara biyowa gaida Innarta da leda a hannu.

Tsoro ya kama su, kowa ya yi dabararsa a ɓoye don ya ba ɗan'uwansa mamaki. Ita ta sami mai kula da sashe ta ce a mayar da ita dare, ga alawus, ga su tare. Shi kuma ya same shi ya ce a mayar da shi rana, a ransa don ya riƙa raka ta gida, Baba ya ga mutum mai kwana a ɗakinsa. Mai kula da sashen bai san tsakaninsu ba, ya ga aiki ya zo masa da sauƙi, ya musanya su kawai.

Ranar Litinin Na Dare ya zo da sassafe, ya sha aski, aka ce ya hau injinsa. Babu ita. Ya kira, waya a kashe. Ya wuni yana naɗe kwali zuciyarsa na ƙuna, ya gama yanke cewa ta bar aikin ta zaɓi direba.

"Da kin faɗa min da bakinki, da na haƙura," ya rubuta mata.

Da yamma sai ga ta da fulas ɗin shayi, ta sha barcin rana, tana murmushi. Ta gan shi yana cire safar hannu, murmushin ya ɗauke.

"Me kake yi nan tun safe?"

"Ke me kike yi nan yanzu?"

Suka yi dariya har ta zame musu kuka, domin doka ce, ba a sake canji sai shekara ta juyo.

Baba ya ji 'yarsa ta koma kwana a masana'anta, ransa ya ɓaci, ya sa aka kira saurayin.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," ya ce. "Albashina ba ya riƙe ɗaki. Namu biyu da alawus ɗin dare suna riƙewa, da ƙyar. Ko an sake canji, dole ɗayanmu ya kwana a waje. Idan lokacin ya yi ni zan koma dare. Amma wallahi ina sonta."

Sai Inna ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Malam, haka na zauna da kai. Ban ji daɗi ba, amma da za a mayar da ni baya, kai ɗin dai zan sake ɗauka."

Baba ya share fuska da tafin hannu.

"Ba sauƙi na ba ka ba, yaro. 'Yata na ba ka."

Ranar hutu aka ɗaura aure. Ɗakin ƙarami ne, ƙugin injina yana ratsowa ta bango, washegari kuma shi zai fita da safe, ita da yamma. Da mutane suka watse, ya zauna yana ta kallonta a hasken taga.

"Ashe haka kike idan babu wanda yake sauri a cikinmu."

Ta rufe fuska tana dariya. Inna, da ta tsaya jera musu kwanuka, ta ɗauki mayafinta, ta dube su daga bakin ƙofa, idonta ya ciko.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Allah ya nuna muku ranar da za ku riƙa kashe fitila tare."