Sunan da Aka Ɗinke da Baƙin Zare

Ranar da Sada ya fara ganin Khairiyya, takardar jarrabawa ce a hannunsa.

A ɗakin taron wata sakandare ne a Gwaram, ranar jarrabawar tallafin karatu na tunawa da marigayi Malam Hambali. Tsofaffin ɗaliban malamin ne suka kafa tallafin. Duk shekara ɗalibi ɗaya ake ɗauka, daga Gwaram ko Birnin Kudu, a ɗauke masa nauyin karatun gaba da sakandare.

Jarrabawar tana da ƙa'ida ɗaya da ba a taɓawa. Kowa zai rubuta sunansa a saman takarda, ya ninke wurin sau uku, ya kai gaban tebur a ɗinke da baƙin zare. Haka Malam Hambali yake yi yana da rai, don kada ya san takardar wa yake dubawa. Matarsa, Inna Turai, ita take yi masa ɗinkin a gida. Ya rasu, amma ɗinkin bai bar hannunta ba.

Tana zaune ranar da tabarau a hanci, tana soka allura ba ta ɗaga kai. 'Yarta Khairiyya na gefe tana karɓar takardu, tana zira zare.

Sada ya miƙa tasa. Khairiyya ta juya takardar, ta dube shi.

"Malam, sau uku aka ce. Kai ka ninke sau shida. Ko sunan na aro ne?"

"Nawa ne."

"To me kake ɓoyewa?"

Bai amsa ba. Ta yi murmushi, ta tura wa mahaifiyarta. Yana tsaye allura ta shiga ta fita, sunan ya rufe.

Sada Ɗanbala ya rubuta.

Shekara bakwai da suka wuce, mahaifinsa Ɗanbala ne direban bas ɗin da tayarta ta fashe a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram. Mutum ɗaya ya rasu, Malam Hambali. Ɗanbala ya yi wata huɗu a asibiti da karyayyen ƙugu, ya fito da sanda. Bai ƙara riƙe sitiyari ba, bai ƙara bin hanyar ba. Faci yake yi a bakin tasha, kuma ba a ambaton Gwaram a gidansa. Malamin lissafi ne ya saka sunan Sada a jarrabawar. Da Sada ya faɗa wa mahaifinsa, tsohon bai ɗaga ido daga tayar da ke gabansa ba, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Shi ke nan.

Da aka tashi, Sada ya tarar da Khairiyya a bakin ƙofar makaranta tana jiran mai babur. Gwangwanin allura ya suɓuce mata, zare ya gangara cikin kwata. Ya ɗauko, ya goge da gefen rigarsa.

"Ga shi. Bai jiƙe sosai ba."

"Ashe kana magana."

"Kaɗan."

"To kaɗan ɗin ma mun gode, Mai Shiru."

Kafin babur ya zo, lambarta ta shiga wayarsa. Har yau bai san da wane baki ya tambaya ba.

Sati shida ake ɗauka kafin a fitar da sakamako. A sati shidan nan wayarsa mai fasasshen gilashi ba ta huta ba.

"Mai Shiru, ka ci abinci, ko shi ma shiru ka yi masa?"

"Na ci, Mai Allura. Tunaninki ne dai bai bar ni na ƙoshi ba."

"Iye! A waya kam bakinka ras."

Wata rana bayan la'asar ta rubuto: "Inna ta ce duk mai so na ya fara faɗin gidansu. Ɗan gidan wa ne kai?"

Ya rubuta sunan mahaifinsa, ya goge. Ya sake rubutawa, ya goge. Abin da ya tura shi ne: "Ɗan gidan mai faci ne ni, a bakin tashar Birnin Kudu."

"Sana'a ce mai albarka. Ka gaishe min da Baba."

Bai gaishe shi ba.

Akwai Maikuɗi, ɗan baffan Khairiyya, mai shagon waya a Gwaram. Ya daɗe yana faɗa wa abokansa cewa ta gida ba ta wuce gida. A shagonsa take cajin waya idan an ɗauke wuta, kuma a nan ya ga saƙon Mai Shiru ya faɗo kan gilashi. Ya buɗe ya karanta har maganar gidan mai faci. Ya hau babur ya je tashar Birnin Kudu, ya tambayi masu faci. Ya dawo yana fito.

Ranar taro ɗaki ya cika: malamai, iyaye, tsofaffin ɗalibai da manyan riguna. Aka yi wa marigayi addu'a. Shugaban makaranta ya ɗaga takardar da ta fi kowace maki, ɗinkinta na nan yadda yake. Bisa al'ada, wadda ta ɗinke ita take warwarewa.

Inna Turai ta sa reza ta yanke zaren. Ta buɗe ninki ɗaya, biyu, uku. Ta ci gaba har shida. A can gefe Khairiyya ta dafe baki don murna, ta nemo shi da ido.

"Sada," in ji Inna. Ta gyara tabarau. "Sada Ɗanbala. Birnin Kudu."

Aka fara tafi. Maikuɗi ya miƙe.

"Inna, kin san Ɗanbalan? Direban nan ne! Wanda ya kifar da Baffa! Ɗansa ne zai ci da sunan Baffa? Kuma ku tambaye shi saƙon da yake tura wa Khairiyya kullum. Ta nan ya biyo!"

Tafi ya mutu. Idanu duka suka koma kan Sada. Ya miƙe don bai san abin da zai yi a zaune ba.

Inna Turai ta dubi Sada, sannan ta juya kan Maikuɗi.

"Maikuɗi, zauna," ta ce. "Ni na ɗinke takardar nan da hannuna. Wanda ya duba bai san ta wa ba ce. Haka Malam yake so, haka za a yi. Yaro, zo ka karɓa. Karatu naka ne."

Ya zo. Da ya durƙusa, ta rage murya yadda shi kaɗai da 'yarta za su ji.

"Amma 'yata ba taka ba ce. Kada na ƙara jin ka a wayarta."

Khairiyya ba ta dube shi ba. Yana cikin mota a hanyar gida saƙonta ya shigo.

"Na tambaye ka me kake ɓoyewa tun ranar farko. Ka bar ni ina aika gaisuwa ga mutumin da ko ta'aziyyar Babana bai zo ba. Kada ka ba ni amsa."

Bai ba ta ba. Kwana tara bai ba ta ba. Yana zuwa tasha, yana hura taya, yana komawa. Takardar tallafin na ƙarƙashin katifa, ko kallon ta ba ya yi. Labari kuma ya iso cewa mahaifin Maikuɗi ya fara zuwa wurin Inna da maganar haɗa zumunci.

Rana ta goma ya ɗauko takardar ya ajiye gaban mahaifinsa.

"Baba, zan mayar musu."

"Don me?"

"Don kada a ce ta wurinta na biyo."

"In ka mayar, za su ba ka ita?"

"A'a."

"To ka yi asara biyu kenan." Ɗanbala ya ajiye guduma. "Me yarinyar ta ce?"

Sada bai so ba, amma ya miƙa masa wayar. Tsohon ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya tsaya a kan kalma ɗaya.

"Ta'aziyya," ya ce.

"Baba, me ya hana ka zuwa?"

"Da aka yi sadakar uku ban san inda kaina yake ba. Da aka yi arba'in ina ɗaure a gado. Da na fito, na ce sai na ajiye sanda. Ban ajiye ba. Shekara ta zagayo, na ce yanzu da wane ido? Kowace shekara kunyar sai ta fi ta bara nauyi." Ya share fuska da tafin hannu. "Nemo mana mota gobe. Ba na zama gaba."

Da safe ya fito da wankakkiyar riga da wata tsohuwar jakar fata da Sada bai taɓa gani ba. A mota ya zauna baya, ya rufe ido. Da suka zo kwanar da abin ya faru, ya damƙe gwiwar ɗansa har sai da ta yi tsami.

Suka yi sallama a ƙofar gidan Malam Hambali. Baburin Maikuɗi na jingine a bakin zaure, shi kuma ya leƙo.

"Kun yi ɓatan hanya. Tasha tana can."

"Ba wurinka muka zo ba, ɗana," in ji Ɗanbala. "Gaisuwar mutuwa muka zo."

"Wa ya mutu?"

"Malam Hambali."

Daga ciki muryar Inna ta ce, "Ba su hanya."

An shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ɗanbala ya ƙi zama a kai. Ya jingine sanda, ya sauka ƙasa da ƙyar, ƙugun na ƙara.

"Inna Turai, ya haƙuri?"

Khairiyya na tsaye a bakin ɗaki, riƙe da labule.

Ɗanbala ya ci gaba: "Ya haƙurin Malam? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na makara. Ba ni da hujja."

"Haƙuri sai ma'aiki," in ji Inna, muryarta a bushe. "Malam Ɗanbala, ban taɓa cewa kai ka kashe shi ba. Taya ce ta fashe, kwana ne ya ƙare. Amma kai ne na ƙarshe da ya ji muryarsa. Shekara bakwai duk sallamar da aka yi a ƙofar nan sai na ce ko kai ne. Ba wanda zai faɗa min yadda ya tafi sai kai, ka ƙi zuwa."

Ɗanbala ya sunkuyar da kai. "A gaba ya zauna, kusa da ni. Yana duba takardun yara a cinya, yana min tsiya wai motata ta fi shi tsufa. Da muka faɗi, ana yayyafi. Ina jin sa yana kalmar shahada, sau uku, ras. Sannan ya turo min jakar nan ya ce, direba, kada takardun yaran nan su jiƙe."

Ya tura jakar gabanta.

"Na kwanta a kanta har aka zo aka ɗauke mu. Ba su jiƙe ba."

Inna ta buɗe. Takardu ne da suka yi ja don tsufa, rabi da jan biron Malam, rabi ba a duba ba. A saman kowace akwai ninki uku da baƙin zare. Ta bi ɗinkin da ɗan yatsa.

"Ranar Laraba na yi wannan," ta ce. "Yana ta azalzala ta wai zai makara."

Sai ta kifa fuska a kan takardun. Khairiyya ta saki labule ta zo ta rungume ta. Maikuɗi ya juya ya fita. Aka ji tashin baburinsa.

Da kuka ya lafa, Inna ta share ido ta dubi Sada.

"Kai kuma, mai ninki shida. Gadon shiru ka yi?"

"Tsoro na ji, Inna."

"Na gani. Ubanka shiru ya ci masa shekara bakwai. Kai nawa kake so ya ci maka?"

"Ko kwana ɗaya ba na so ya ƙara." Ya ɗaga kai. "Ina son Khairiyya. Sunana Sada Ɗanbala, ɗan direban nan. Da shi nake nema."

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Ga ta nan."

Khairiyya ta tashi ta shige ɗaki. Suna hanyar komawa wayar Sada ta yi ƙara.

"Ban huce ba tukuna. Amma yanzu ka gaishe min da Baba da gaske. Ka ce ya riƙa shafa man zafi a ƙugun."

Ya juya ya isar da gaisuwar. Ɗanbala ya buɗe ido, karo na farko a kan hanyar nan.

Inna ta kafa sharaɗi: sai ya gama karatun da sunan Malam ya kai shi. Ya yi shekara uku a kwalejin horon malamai, saƙo na tafiya yana dawowa. Mahaifin Maikuɗi ya yi fushi na wata biyu, daga baya shi ya karɓi waliccin amarya.

An ɗaura aure ranar Asabar bayan sallar azahar, a ƙofar gidan Malam Hambali. Ɗanbala na sahun gaba da sandarsa. A cikin kayan amarya Inna ta saka gwangwanin allura da sabon ƙullin baƙin zare.

"Mijinki malami ne yanzu," ta ce. "Sau uku ake ninkewa. Ki kula da shi, yana ƙarawa."

Da aka kai amarya, saƙonta ya iske Sada tun bai shiga ɗakin ba.

"Mai Shiru, ka shigo da sallama da ƙarfi. Gidan nan ba a ɓoye suna."

Ya yi sallama har maƙwabta suka amsa.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya jiƙan Malam Hambali, ya kai haske kabarinsa. Amin.