Tsohon da Ya Ja Numfashina

A shekarar da fari ya koro mutanen Ayar zuwa bakin garin Agadez, mu biyu ne ƙananan likitoci a gidan likita, ni Lukumanu da abokina Inoussa. Ɗaki ɗaya muka kwana tun muna 'yan makaranta. Sai sojojin da ke mulki suka ce likita ɗaya tak za a tura ƙasar waje ya ƙware kan ciwon huhu da jinyar masu rai a hannun Allah. Ni aka zaɓa. Abin da ya rage mini kawai likitan soja ya auna lafiyata, in kama hanya.

Ana gobe za a auna ni, dab da almuru, Inoussa ya tare ni a bakin ƙofa.

"Mon frère, ɗan'uwana, akwai wani tsoho a sansanin 'yan gudun fari, bukka ta ƙarshe. Tari ya kama shi. Je ka duba mini shi, kai ne gwanin ƙirji yanzu."

Dariya na yi. Ban lura da cewa ba ya kallon idona ba.

Sansanin 'yan gudun fari warin mushe yake, da hayaƙin kashin raƙumi. Na wuce bukkoki har tarin yara ya daina zuwa kunnena. Can gefe na hango wata bukkar fata ita kaɗai. Ina sunkuyawa ƙanshin ƙasar da ruwa ya jiƙa ya buge ni, alhali an daɗe ba a ga ko yayyafi ba.

Tsohon na zaune, rawani ya rufe shi sai idanu. Na yi sallama, bai amsa ba. Na durƙusa, na sa abin sauraren ƙirji a kunne, na ɗora masa a haƙarƙari.

Babu bugun zuciya.

Iska nake ji, irin ta tsakiyar hamadar Tenere. Can cikinta kuma mutane ne suke tari, masu yawa, nesa ƙwarai.

Ina da wata ɗabi'a da malamanmu suka koya mana. In majinyaci bai gane ba, sai ka yi numfashin a gabansa ya kwaikwaya.

"Kamar haka, Baba," na ce. Na cika ƙirji, na saki.

Shi kuma ya ja.

Na ji numfashina na fita kamar ana zare igiya daga rijiya. Na so in rufe baki, ya ƙi rufuwa. Ƙirjinsa na kumbura a ƙarƙashin hannuna, nawa yana lotsawa.

Ya matso har rawaninsa ya taɓa kuncina. Sanyi ƙarara.

"Wancan abokin naka ya cika alkawari," ya raɗa. "Da na kama shi, ya ce in sake shi, zai aiko mini wanda ya hi shi ƙirji."

Ko a'uzu na kasa. Babu iskar faɗinta.

Sai kiran sallar magariba ya taso daga gari, siriri. Tsohon ya dakata. Na fizge abin daga kunnena, na fita da rarrafe, ina cin ƙasa.

Wasu mata ne suka tsince ni. Na nuna musu inda na fito. Babu bukka, rairayi ne kawai.

Washegari likitan soja ya saurari ƙirjina, ya sake saurare. Huhun hagu shiru, hoton ƙirjin da aka ɗauka kuma bai nuna ciwon komai ba. Ya ce bai san mene ne ba, amma ba za a tura marar lafiya ba. Inoussa ya tafi a madadina, ko sallama bai yi mini ba. Wallahi wannan ya fi mini zafi a kan abin da tsohon ya ɗauke.

Bayan shekaru ya dawo babban likitan huhu, duk yankin babu kamarsa. Ni kuwa ko zuwa masallaci sai na huta a hanya. Matata Kadidia ta yi ta kuka har na yarda na bi layinsa.

Ya duba kowa. Da aka zo kaina ya ɗaga abin sauraren, amma ya kasa ɗora mini shi a ƙirji.

"Saurara mana, Inoussa," na ce. "Ai kai ka ƙware."

Ya ajiye shi a kan tebur, ya ce a shigo da na gaba.