Tabarya Ta Huɗu

Ana tsakar rawa a bikin wata ƙawarta a Tasawa kofin lemo ya suɓuce daga hannun Mansura.

Kiɗan Misbahu ne ke fita daga manyan lasifikoki, saurayinta da saura kaɗan a sa musu rana. Shi ba mawaƙi ba ne, kiɗan hip hop zalla yake haɗawa, babu murya ko ɗaya. Yawo yake a kan moto, wato babur, da 'yar na'urarsa yana ɗaukar ƙarar guga da kukan amalanke, ya koma sutudiyo ya ɗinke su. Sati uku da fitowar albom ɗinsa, gidajen rediyon Maraɗi sun sa shi har sun gaji, 'yan kabu-kabu kuwa ba ka jin komai a wayoyinsu sai shi.

Ta sha jin kiɗa na bakwai na albom ɗin a waya, tsigar jikinta na tashi ba ta san dalili ba. Yau da lasifika ta buɗe shi, ta gane.

Turmin gidansu ne na ƙauyen Sarkin Hausa, mai tsaga a gindi, wanda ke amsawa da 'yar rawar murya.

Dakan kuma a hankali yake tafiya, babu lugude, babu tafi. Dakan gumbar sadaka ne.

Sai kiɗan ya tsaya cak. 'Yan mata suka ɗaga hannu suna shewa, nan ne wurin da kowa ke jira.

Ita ma ta san wurin. Nan ne ta saki tabarya ta durƙushe da kuka, ranar sadakar ukun Innarta, shekara biyu da suka wuce.

A ƙofar gidan bikin ta same shi, samari sun kewaye shi. Ta jawo shi gefe.

"Misbahu, ina ka ɗauko dakan ga?"

"Mi ya hwaru, sheri masoyiyata? Kin ga idonki kuwa?"

"Ina ka ɗauko shi?"

"Wani gida na, a Sarkin Hausa. Za ni Mayahi da hantsi, na ji shi bayan darnin kara, na tsaya. Lokacin ban ko san ki ba..."

"Ba ka ga 'yan zaman makoki ƙohwar gida ba?"

"Ta baya na biyo."

"Gumbar Innata ta, Misbahu. Bisa kukana mutane ka rawa."

Ya dafe kai. Girman Yamai ne, bawan Allah, a kunnensa duk daka daka ne.

Kausar, 'yar kawunta da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Misbahu, tana bayansu ta ji komai. Gari na wayewa ta hau moto sai Sarkin Hausa, ta kunna wa Iya Zubaida kiɗan. Iya yayar marigayiya ce, kuma maganar auren Mansura a bakinta take.

"Wanda ya kai makokin ƙanwata dandalin rawa ba ya taka gidan ga," in ji Iya.

Mansura ta dawo gida ta kwanta. Tana jin haushinsa, tana kuma son shi kamar ranta, ta rasa wanne za ta bi. Turmin ma ba ta iya kallonsa, ta kife shi bayan rumbu.

Misbahu ya cire kiɗan daga intanet, ya bi gidajen rediyo yana roƙo su daina sa shi. Masoyansa suka yi ta zaginsa, wai ya kashe zuciyar albom ɗin. Amma abin da ya shiga wayoyin mutane ya shiga.

Rana ta tara, da la'asar, ya yi sallama ya durƙusa tsakar gida, ya ajiye na'urar gaban Iya.

"Iya, na yi kuskure. Ga asalin ɗaukar nan, ba kiɗa bisa. Ki goge shi da hannunki."

"Kunna in ji abin da ka sata."

Tabare uku suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya: ta Iya, ta Mansura, ta wata maƙwabciya. Sai shirun nan, da shessheka can ƙasa. Mansura ta rufe fuska.

"Daga nan na yanke," ya ce a hankali. "Sauran ya yi sauri, bai shiga kiɗan ba."

"Wane saura?"

Kafin ya amsa, turmin ya sake magana a cikin na'urar.

Tabarya ɗaya ce, mara nauyi, mai hanzari. Ta sauka, ta tashi sama, aka yi tafi biyu, aka cafe. Ta sake sauka. Kajin da ke tsakar gidan suka daina tono.

"Kai ka ƙara wanga?" in ji Iya.

"Wallahi ban taɓa shi ba."

"Mu ukun duk mun aje. Ni na riƙe kanki, Mansura, waccan ta riƙe ƙahwahu. Ba kowa wurin turmi."

"Iya... hannun wa na?" in ji Mansura.

Iya ta daɗe tana kallon bayan rumbu.

"Uwarki A'i kaɗai ka buga hannu sau biyu kahin ta cahe. Tun muna 'yan mata ban iya ba."

"Lugude a gidan mutuwa, Iya?"

"Ba na mutuwa na ba, ɗiyata. Irin wanda aka yi ma amarya na."

Ta juyo ta dubi Misbahu tun daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganinsa.

"Ina ka tsaya ranar?"

Ya nuna darnin da ke daf da wurin daka. Taku uku ne tsakani.

Iya ta tura masa na'urar da yatsa ɗaya, ba ta goge komai ba.

"Tashi, ɗana. Juma'a ka turo magabatanka."

Hawaye suka zubo wa Mansura, na murna da na tsoro a haɗe.

"Iya, kin yarda?"

"Ni wa, da zan hana? Uwarki ta riga ki ganin shi."