Ranar da Fadila ta Wanke Ƙorai

Fadila na cusa zannuwa a jaka tana kuka mijinta Luƙman ya shigo.

"Ina zuwa kuma?"

"Gidanmu, can garin Dutsi! Vraiment, gaskiya na gaji. Tun zuwana rugar nan mi na yi ma Inna? In gaishe ta, ta kau da kai!"

Sarai ya san abin da Fadila ta yi. Satin da aka kawo ta amarya rugarsu ta Guéchémé, ta faki idon surukarta, Inna Hawwa'u, ta kwashe ƙoran nononta ta dirje su da sabulu mai ƙamshi da soson ƙarfe, wai ta burge. Nono ya tashi da warin sabulu, aka zubar. Inna ba ta ce mata uffan ba, ɗanta ta tara: "Matakka ta nuna min ni ƙazama ce."

Shi kuwa gogan naku, gwanin lallashi, ya koma ɗan aike. Ya ce wa uwa Fadila ta ba da haƙuri, ya ce wa mata Inna ta yaba. Uwa tana jiran tuba, mata tana jiran godiya, gaba ta yi ta girma.

Ganin jaka a kafaɗarta, ya fashe da gaskiya duka.

"Ashe kai ne!" in ji Fadila. "Ka bar ni ina ta zargin tsohuwa?"

"Tsoro ni kai ku yi hwaɗa."

"To da mun yi, da an gama tuni!"

Ta yar da jakar ta nufi bukkar Inna. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, wanke ƙoran nan, wallahi so nike ki so ni. Ban san ɓarna na yi ba sai yau."

Can tsohuwar ta jawo wata ƙwarya da zanen jikinta ya kankaru, ta shafa ta.

"Wagga ta uwata ta. Da hannunta ta zana min ita ran aurena." Hawaye suka zubo mata. "Na ɗauka ƙyamarmu kike, ɗiyar birni."

Fadila ta rushe da kuka, Inna ta jawo ta jikinta. Sannan ta harari ɗan nata da ke raɓe a bakin zana.

"Kai kuma, daga yau ka hita tsakaninmu. Muna da baki."

Haka abin yake: mutum kan yi wa ɗan'uwansa hukunci da abin da ya zata, alhali tambaya ɗaya ta isa, mai ɓoye gaskiya don a zauna lafiya kuwa shi ke tsawaita rigima.

Washegari Inna ta miƙa mata ƙwaryar nan.

"Karɓi, taki ta. Ruwa zalla aka wanke ta da shi, kin jiya?"

Fadila ta karɓa da hannu biyu.