Jirgin da Ba Shi da Taga

A Tudun Wadan Zariya, can bayan layin masu ɗinki, akwai wata yarinya mai ɗan karen tsokana. Tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Kowa a gidansu ya ɗanɗana halinta. Amma wanda ta fi takura wa shi ne kakanta, Malam Kailani.

Tsakanin jika da kaka, kun dai sani, wasa ne. Shi yana kiranta Uwargida. Ita kuma tana ce masa Tsoho. Ta ɓoye masa hula, ya ce ko kunu ba ta iya damawa ba. Ta ce haƙoransa sun gudu sun bar shi, ya ce tsoron girkinta ne ya kore su. Sai a yi dariya, a wuce.

Kaka tsohon mai gyaran rediyo ne. Tun yana saurayi yake son labaran jiragen da ke zuwa taurari. A wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafai a Sabon Gari, Nnabuike, ya riƙa sayensu ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gadonsa, duk sun yi ja.

Sai dai idanun Kaka sun dushe. Ba ya ganin rubutu. Ko fuskar mutum ba ya rabewa.

Saboda haka yarinyar ta zama idonsa. Babanta direba ne, yana hanyar Kaduna. Mamanta tana shagon ɗinki har yamma. Kullum bayan La'asar ita ce ke shiga ɗakin Kaka, ta yi aiki biyu.

Na farko, maganin hawan jini. Kwalabensa biyu ne, girmansu ɗaya. Ɗaya na safe, Baba ke ba shi kafin ya fita. Ɗaya na yamma, ita ke karanta rubutun jikinsa, ta sa masa ƙwayar a tafin hannu.

Na biyu, karatu.

Wani dogon labari suke bi, mai littattafai a jere. Labarin wani jirgi ne da ya bar duniya ɗauke da mutane da irin shuka, suna neman sabuwar ƙasa. Jirgin ba shi da taga ko ɗaya. Matar da ke tuƙa shi, Kyaftin, ba ta ganin komai a waje. Wata na'ura mai magana ce ke gaya mata: ga dutse a dama, ga wuta a gaba, karkata hagu.

Yarinyar tana karantawa da Turanci. In ta ci karo da kalma mai wuya, Kaka ya fassara mata.

"Tsoho, wai mutum zai iya kwana a sama yana yawo kamar auduga?"

"Ke dai ci gaba, Uwargida. Kin bar mini Kyaftin a tsakiyar hanya."

Tana son labarin ƙwarai. Har a makaranta takan zana jirgin a bayan hannunta.

Ran nan suna cikin littafi na ƙarshe. Jirgi ya shiga wani wuri mai duwatsu masu gudu. Sai ga ƙawarta Rauda a bakin ƙofa, ta sha kwalliya. Ana sa lallen bikin yayar Rauda a unguwar Gyallesu.

Rauda ta yi mata alama da hannu. Taho, za a tafi a bar ki.

Yarinyar ta dubi littafin. Da saura. Ta dubi Kaka. Ya jingina da bango, ya rufe ido, yana jira. Sai wata dabara ta faɗo mata. Za ta sami lalle, kuma ta yi wa Tsoho tsiya. Ai wasan jika ne.

"Tsoho, Turancin nan ya yi tsauri. Bari in taƙaita maka da Hausa."

"To, ina jin ki."

Ta gyara murya. "Na'urar ta lalace. Jirgin ya daki dutse, ya fashe. Kyaftin ta mutu, kowa ya mutu. Ko ƙwayar gero ba ta tsira ba. Shi ke nan, labari ya ƙare."

Ta toshe bakinta da mayafi don kada dariya ta fito.

Kaka bai yi salati ba. Bai riƙe baki ba. Ya dai buɗe idanunsa farare, ya juyo wajen muryarta.

"Haka aka rubuta?"

"Haka aka rubuta."

"Duba da kyau, Uwargida."

"Ga shi nan a gabana, Tsoho. Ina gani."

Ya mayar da kansa jikin bango. Can ya ce, "To. Je ki."

Ta fita da gudu. A ranta ta ce, gobe zan gaya masa, mu sha dariya.

Washegari ta shiga ɗakin da jan lalle a hannu. Ta yi sallama. Ya amsa, amma bai ce Uwargida ba.

"Tsoho, ka ga lallena? Au, na manta, shafa ka ji."

"Ya yi kyau," in ji shi. Bai miƙo hannu ba.

Ta ɗauko kwalbar magani. "Ga na yamma."

"Ajiye. Babanki zai dawo."

"Ai ni ce ke ba ka."

"Na ce ajiye, yarinya."

Yarinya. Tunda ta yi wayo bai taɓa kiranta haka ba. Dariyar da ta shigo da ita ta gushe. Ta so ta ce wasa ne. Ta dubi fuskarsa, ta kasa. Ta fita sumui-sumui.

Haka abin ya ci gaba. Kaka ya daina kiranta. Kwalin littattafai ya koma can ƙuryar gado. In Baba ya dawo da wuri, Kaka ya kira shi ya ba shi maganin. In hanya ta riƙe shi, ya tarar Kaka ya kwanta, sai a bar shi. A irin wannan daren kowa a gidan yana zaton ta riga ta ba shi. Ita kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar Mama tana gida. Kaka ya fito alwalar Azahar, yana lalube da bango. Da can sai ya ƙwala kira, Uwargida, zo ki ja mijinki. Yau bai kira ba. Yana kaiwa bakin famfo, jiri ya ɗebe shi. Ya faɗi, goshinsa ya bugi bokiti.

"Innalillahi!" Mama ta yar da tsintsiya.

Aka kira Baba a waya. Aka sa Kaka a keke mai ƙafa uku, aka kai shi asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau sosai. Aka ɗaure masa goshi, aka ce ya huta a gida.

Da suka dawo, Mama ta shiga ɗakinsa ta gyara shimfiɗa. Ta fito riƙe da kwalbar yamma. Ta girgiza ta.

"Ke, zo nan. Me ya sa maganin nan bai ragu ba?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ba ya karɓa a hannuna."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar lalle."

"Me kika yi masa?"

Sai kuka ya ɓarke. Ta faɗi komai. Littafin, da Rauda, da jirgin da ta fasa da bakinta.

"Mama, wasa fa nake yi. Ai jika tana wasa da kaka."

Mama ba ta daka mata tsawa ba. Ta zauna a kan turmi, ta jawo ta kusa.

"Da kika ɓoye masa hula, ya san an ɓoye?"

"Ya sani."

"Ya yi dariya?"

"Ya yi."

"To wannan fa? Ku biyu kuka yi dariya, ko ke kaɗai?"

Yarinyar ta share hawaye da bakin mayafi.

"Wasa na mutum biyu ne," in ji Mama. "Tashi ki je. Ba ni za ki ba haƙuri ba."

Ta shiga ɗakin a hankali. Kaka yana kwance, da farin ƙyalle a goshi. Ta durƙusa a bakin gado.

"Kaka, ƙarya na yi maka. Jirgin bai fashe ba. Ban ma san ƙarshensa ba. Ban karanta ba."

"Na sani," in ji shi.

Ta ɗago kai. "Ka sani?"

"Littafin nan na karanta shi tun ba a haifi babanki ba. Na maimaita har bangonsa ya cire."

"To me ya sa kake sa ni karantawa?"

"Don ke ma ki shiga jirgin. Kuma ina son jin sa da muryarki."

Hawaye suka sake zubo mata. Kaka ya lalubo kanta, ya dafa.

"Ba Kyaftin na yi wa baƙin ciki ba. Na tambaye ki, na sake tambaya. Kika ce kina gani. Sai na zauna ina tunani. Yau rubutun littafi ne. Gobe fa, in rubutun kwalba ne? Da me zan gane?"

"Wallahi Kaka, ba zan taɓa wasa da maganinka ba."

"Ni ma zuciyata ta ce haka. Amma hannuna ya ƙi miƙuwa." Ya numfasa. "Gaya mini. Na'urar nan ta cikin jirgi, in ta tsokani Kyaftin sau ɗaya, ta ce ba dutse alhali akwai?"

"Ba za ta ƙara yarda da ita ba."

"Ko da gaskiya ta faɗa daga baya?"

"Ko da gaskiya ta faɗa," yarinyar ta ce a hankali.

"To ni ne jirgin da ba shi da taga."

Ta kifa kai a gefen gadon. "Ka yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Ni ma na yi wauta. Da na yi magana, da ban fasa goshi ba. Tsoho da fushin yara!"

Bai ce ta ɗauko magani ba. Ranar Baba ne ya ba shi. Ita dai ta jawo kwalin, ta kakkaɓe littafin, ta nemo inda suka tsaya. Ta karanta layi bayan layi. Inda ba ta gane ba, ta ce ban gane ba. Inda ta yi tsallake, ta ce na tsallake, ta koma baya.

Haka ta yi ta yi kullum bayan La'asar. Na'urar ba ta lalace ba. Ta fitar da Kyaftin daga cikin duwatsu. Jirgi ya sauka a wata ƙasa mai jan yashi da ruwa mai sanyi. Aka buɗe ƙofa. Kyaftin ta ga waje da idonta, ta durƙusa ta shuka irin farko.

Yarinyar ta rufe littafin. Ta ɗora shi a cinya.

"Haka aka rubuta?" in ji Kaka.

"Haka aka rubuta."

"Haka ne. Ko harafi ba ki rage ba."

Sai ya miƙo tafin hannunsa a buɗe.

"Uwargida, yamma ta yi. Ko so kike mijinki ya sake faɗawa bokiti?"

Ta tashi da sauri, tana dariya tana share ido. Ta ɗauko kwalbar. Ta karanta rubutun da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe. Ta sa masa ƙwayar a hannu. Ya haɗiya bai tambaya ba.

Tsokana dai ba ta bari ba. Washegari ma hular Tsoho a kan randa aka same ta. Amma daga ranar ta san inda wasa ya tsaya. Wanda ya mai da kai idonsa, amana ya ba ka. Ka faɗa masa abin da ka gani, yadda ka gan shi.