Murmushin Bakin Taga

"Ina janbakinki?"

Auta ta dakata da cire takalmi, amma ba ta ɗago ba.

"Wane janbaki kuma?"

"Wanda kika fita da shi. A gabana kika shafa."

"Ya goge mana... Ba ka ga zafin da ake yi ba?"

"Zafin bai taɓa hoda ba, sai janbaki?"

Ta ja gefen mayafi ta kare bakinta, ta wuce ɗaki. Direba ya bi bayanta da ido. Shi da ma haka yake, idan abu ya tsaya masa a rai sai ya haɗiye, ya yi ta juya shi a ciki.

Motar rarraba burodi yake ja, shi ya sa kowa ke ce masa Direba, har mahaifiyarsa. Ita kuwa Auta, a shagon da yake sauke burodi ya fara ganinta, tana dariya da dukan bakinta, wushiryarta a fili. Dariyar nan ce ta sa ya yi ta sintiri har aka ba shi ita.

Yanzu babu dariyar. Watanni ke nan. Idan ya yi mata wasa sai ta murmusa baki a rufe. Idan ya matso da fuskarsa sai ta kawar da tata. Abinci ma ta koma ci tana ba shi baya. Ga fita da ta tsiro da ita da hantsi, wai gidan ƙawa.

Yayarsa ce ta fara furta abin da yake gudun furtawa.

"Kai dai ka zauna nan kana kallo. Mace ta daina yi maka dariya, ka ce lafiya?"

"Yaya, bar maganar."

"Na bari. Amma dariya ba ƙarewa take yi ba, wuri take sakewa. Ka bincika inda ake kai ta."

Ya tashi ya bar mata shayinsa ko rabi bai sha ba. Maganar dai ta bi shi har mota.

Ranar da abin ya faru bai yi niyyar bin ta ba. Ko kuma ya yi, bai dai yarda ya gaya wa kansa ba. Ya sauke burodi a shago biyu, ya karkata ta titin da ba nasa ba, sai ga ta can gaba, da mayafinta mai ruwan ƙasa, tana sauri tana waige. Ta shige wani bene mai shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, alluna sun yi masa yawa har ba a karanta ko ɗaya.

Ya faka a tsallake. Ya kashe mota.

Can aka zuge labulen wata taga a sama.

Ita ce. Ta tsaya daf da gilashi, ta sa farin ƙyalle ta goge leɓɓanta tas. Wani mutum dogo ya matso, ya tallafi haɓarta ya juya fuskarta wajen haske. Ya ce mata wani abu.

Sai ta yi murmushi. Ba na baki a rufe ba, na gaske, haƙora a waje. Mutumin ya sunkuyo har kansa ya kusa taɓa nata.

Direba bai san lokacin da ya tsallaka titin ba. Wani mai keke ya zage shi, bai ji ba. Ya haye matakala bibbiyu, ya wuce wata mata a kan tebur tana "Malam! Malam, ina zuwa?", ya banka ƙofar da ke fuskantar titi.

"Ku ci gaba! Ai ban hana ba!"

Auta ta zabura, hannunta ya tafi bakinta.

"Nan ce gidan ƙawar? Nan ake goge janbakin? Ni ki ɗaure min fuska a gida, ki zo nan kina washe wa ƙato baki!"

Sai da ya gama faɗa idonsa ya fara ganin ɗakin. Doguwar kujera mai kwanciya. Fitila mai wuya a sunkuye a kanta, a kashe. Ɗan kwanon tofar da ruwa. Wata nas a jikin bango, inda ba a hango ta daga titi, riƙe da madubi. Mutumin kuwa safar roba ce a hannunsa, yana riƙe da wani ɗan ƙarfe mai jerin ƙananan haƙora, daga fari fat har zuwa mai ruwan madara.

"Kai ne maigidanta?" in ji mutumin. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

"Ni ne."

"Ni likitan haƙori ne. Rufe mana ƙofa, akwai mutane a waje."

Direba ya rufe. Amma zuciyarsa ba ta sauka ba, nema take ta kama wani abu.

"Likita ne ga kujera can. Me ya kawo ku taga? Me ya haɗa haƙori da janbaki?"

"Kala nake zaɓa. Fitilar nan ƙarya take yi wa ido, abin da ka zaɓa a ƙarƙashinta, ka fita rana ka ga wani abu dabam. Shi ya sa muke zuwa taga da hantsi. Jan leɓe ma yana rikita ido, dole a goge. Kuma sai mutum ya yi murmushi sosai nake ganin iya inda haƙoransa ke bayyana."

"Kalar me? Me ya same ta?"

"Wannan kuma ba ni zan gaya maka ba. Bakinta ne. In ta so ta faɗa."

Nas ta kawar da kai.

Auta ta sauke hannunta a hankali. Idanunta sun kawo ruwa, amma ba ta ƙifta ba.

"Matso," ta ce. "Tunda gani kake so, matso ka gani."

Ta ɗage leɓenta na sama. Haƙorin gaba na hagu ya yi duhu, toka-toka, kamar ba a cikin 'yan'uwansa ya tsiro ba.

"Jijiyarsa ce ta mutu. Ka tuna ranar da maigidanku ya ci maka mutunci a waya, ka fita a fusace, ka bugo ƙofa? Ina bayanka da fulas ɗin shayinka."

Ya tuna. Ya ji ƙarar, ya leƙo, ta ce ba komai, leɓe ne kawai ya fashe. Ya tafi aikinsa.

"Kin ce ba komai..."

"A ranar ba komai ɗin ne. Daga baya ya fara baƙi, kullum ƙari."

"Me ya hana ki gaya min?"

"In gaya maka? Kai? Da na gaya maka, duk sanda na buɗe baki ƙofar nan za ka gani. Kai kuma in abu ya dame ka sai ka shiga wannan shirun naka, gida ya koma kamar an yi rasuwa. Na ce bari in gyara abina, in dawo maka da dariyata, ba ka ma san ta taɓa tafiya ba." Muryarta ta karye. "Ashe kai can kana lissafin wanda na kai wa!"

"Auta..."

"Kar ka kira ni! A gaban mutane, Direba? Ƙato?"

Likita ya ajiye ƙarfen a kan tire.

"Yau dai mu haƙura. Ba na zaɓen kala mutum yana kuka. Ki dawo in kin huta, ba abin da zai lalace."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Gidanmu zan tafi. Kar ka biyo ni."

Bai bi ta ba. Ya sauka ya zauna a mota, burodin mutane na baya yana hucewa, wayarsa na ta ƙara.

Da yamma Yaya ta zo jin labari. Ya gaya mata a taƙaice.

"To ai ni ban ce..."

"Kin ce. Ni kuma na ɗauka. Laifina ya fi naki."

Ya je gidan su Auta. Mahaifiyarta ta amsa gaisuwarsa a ciki-ciki, ta ce Auta tana kwance. Ya koma, aka ce ta shiga wanka. Ya sake komawa. A zuwa na ƙarshe tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Gobe da hantsi za a sa mata abin. Ni ban gaya maka ba."

Tun kafin a buɗe asibitin yana kan benci. Matar kan tebur ta gane shi, ta taɓe baki.

"Yau ma bankawa za ka yi?"

"Yau jira zan yi."

Auta ta zo ta wuce shi kamar ba ta san shi ba. Ya daɗe yana jin ƙugin inji ta bayan ƙofa. Can nas ta leƙo.

"Ta ce in kana so ka shigo. Amma ka yi shiru."

Tana kwance a kujera, an ɗaura mata ƙyalle a ƙirji. Likita ya riga ya kifa wa haƙorin hularsa, wani ɗan murfi mai siffar haƙori, gwaji yake yi kafin ya manne. Bai yi fari fat ba. Yana da ɗan ruwan madara a gindi kamar na kusa da shi.

"Ta so wanda ya fi kowanne fari," likita ya ce, yana dubawa ta gefe. "Na ce a'a. In ya fi 'yan'uwansa kyau, shi za a riƙa kallo, ba ita ba. Saura abu ɗaya. Tunda muna wurin, in kina so zan iya faɗaɗa shi kaɗan, a toshe wannan tsagar ta tsakiya. Wasu suna so."

"Kar a taɓa!"

Ya fita daga bakin Direba kafin ya kama shi. Nas ta ƙunshe dariya.

Auta ta juyo da ido kawai.

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa."

Ta mayar da idonta kan likita.

"A bar min wushiryata, likita."

Da aka gama, likita ya kai ta bakin taga, nas ta miƙa mata madubi. Ta daɗe tana kallo. Ta juya hagu, ta juya dama, ta sa harshe ta taɓa. Sannan ta sauke madubin ta fuskanci mijinta.

"Likita ya ce ba wanda zai gane wanne ne."

"Ni zan gane."

"Na sani. Abin da nake tsoro ke nan."

Magana ba ta taɓa yi masa sauƙi ba, yau ma da ƙyar ta fito.

"Ni na buga ƙofar. Ni na zarge ki. Ki yafe min, Auta... Gidan ba ya zaunuwa. Wallahi ba ya zaunuwa."

Hawaye ya gangaro mata, ta share da bayan hannu.

"In ka sake ganin abin da ba ka gane ba, ni za ka tambaya. Ba Yaya ba, ba zuciyarka ba. Ka tambaya, ka tsaya ka ji amsa."

"Na ji."

"Da ƙarfi, likita ya zama shaida."

"Na ji, ranki ya daɗe!"

Likita ya cire safarsa ya jefa a kwando.

"Shaida ba aikina ba ne. Ni dai kar ta gatsa abu mai tauri yau."

Suka sauko tare, tana gaba yana baya da jakarta. Ya buɗe mata ƙofar mota, ta hau, ta gyara mayafi.

"Gidanku ko...?" ya tambaya, bai iya ƙarasawa ba.

"Gidanmu tukuna. Ka shiga ka yi wa Inna bayani da bakinka, kalma-kalma, ina zaune ina ji. In ta sallame ni, ka ɗauko akwatina."

Ya tada mota.