Gonar Barewa ta Delmer

Gishirin lasa na je kai wa barewa, abin da ya fitar da ni ke nan. Ƙarshen Nuwamba ne, rana ta kusa faɗuwa. Jikata Charlene ta kai ni a a-kori-kurar ubanta har bakin shinge.

"Kaka, kawo in ɗaukar miki. Dutsen gishirin nan ya fi ki nauyi."

"Wata tara na ɗauki ubanki, kuma ya fi wannan taurin kai. Zauna."

"To, in kin faɗi, ni dai ban gani ba."

Filin na ɗana Delmer ne, eka arba'in a kudancin Alabama ta Amurka, yashi zalla, ga tsami. Ban wuce aji uku ba, amma na san ƙasa, kuma tun ranar da ya saya na gaya masa ko ƙaya ba za ta yi albarka a nan ba. Bai ji ba. Ya share tsakiyar dajin yana shuka wa barewa abinci, don su saba da wurin kafin lokacin farauta. Wake in zafi ya shigo, alkama in sanyi ya gabato. Ya zuba farar ƙasa don kashe tsamin, ya zuba kashin kaji. Shekara goma sha ɗaya shuka na tsirowa, ta yi rawaya, ta mutu.

Bara ya harbi wani namijin barewa da safe, ya kuskure. Abokansa suka yi masa abin da ake yi wa duk wanda ya kuskure, suka yanke gindin rigarsa da wuƙa suka kafe a bango, ana ta dariya. Da yamma ya koma da yankakkiyar rigar, ya hau rumfarsa ta kan bishiya inda yake fakon barewa. Tsani ya karye.

Ya bar wasiyya a ƙona gawarsa. Ban so ba, amma na bi. Da aka kawo mini tokar a gwangwani, ban ga amfanin ta zauna kan kabad tana shan ƙura ba. Kowa ya san toka na kashe tsamin ƙasa. Na gauraya ta da farar ƙasa, na watsa a gonarsa, na juye da fartanya. Ban yi kuka ba. Aiki nake yi.

Bana alkamar da na shuka ta yi kore shar.

Na bi 'yar hanyar gonar, gishirin a kafaɗa. Raɓa ta fara daskarewa tun sati biyu, busassun ganye na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Can na lura tsuntsaye sun yi shiru. Sai wani sauti daga gonar, tsat, tsat, tsat, kamar ana watsa tsakuwa.

Na san sautin. Iri ake watsawa.

Ƙamshin tabar Delmer ne ya fara iso mini. A ƙarƙashinsa akwai wani wari, irin na murhun da aka kashe da ruwa.

Barewa bakwai ne tsaye a gefen gonar. Ba wadda ke ci, duk kallo suke. A tsakiya kuwa ga mutum ya ba ni baya, bokiti a hannun hagu, yana watsi da dama. Jar riga ce a jikinsa, gindinta a yanke, a karkace.

Gishirin ya suɓuce mini.

"Mama," ya ce a hankali, bai juyo ba. "Kin ga ta yi kore?"

"Na gani, Delmer."

"Kin ce ba za ta yi ba."

"Na ce. Ka kayar da ni, ja'iri."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Kukan da na hana kaina shekara guda ya taso mini. Na sa ƙafa a cikin gonar.

"Matso, Mama. Gefen nan har yanzu da tsami. Tokar ba ta isa ba."

Na ƙara taku ɗaya. Yashin ya yi laushi, da ɗumi. Ƙwayar iri ta faɗo kan takalmina, na duba.

Wake ne.

Wake, bayan raɓa ta daskare. Ni na koya wa Delmer shuka tun yana ɗan shekara biyar. Ko a buge yake ba zai watsa wake cikin sanyi ba.

"Kai ba ɗana ba ne," na ce.

Hannun ya tsaya a sama.

Kan ya fara juyowa, kafaɗun ba su motsa ba.

Na ja ƙafata, ƙasa ta riƙe. Har idon sawu. Na fizge, takalmin ya zauna a ciki. Ban kalli fuskar ba. Na gudu da ƙafa ɗaya ba takalmi, ƙaya na yagar fuskata, muryar na bina.

"Mama. Kaɗan ya rage."

Charlene ta ce da na faɗa motar, safata fari fat take da toka.

Washegari ta koma da maza biyu daga cocinmu. Ba takalmi, ba sawun mutum. Sai busasshen wake warwatse a kan alkama. Har yau gonar kore take, kuma ba a taɓa ganin barewa ta ci ko ganye ɗaya ba. Na sa an ɗaure shingen da sarƙa. Na sa Charlene ta dafa Littafi Mai Tsarki ta rantse cewa in na mutu a akwati za a sa ni, a bayan coci, ba wanda zai kusanto ni da wuta.

Ta taɓa tambayata, "Kaka, da alkama ce a bokitin fa?"

Na ce ta tashi ta duba tukunya. Amma ta san amsar. Da abin nan ya iya shuka, da ban dawo ba.